Buhun Auduga da Buhun Gero

  Ina gaida na cikin gari da na ƙauye. Ina gaida mutanen Bici, da na Badume, da Saye, da Ɗanzabuwa, da duk inda muryar nan ta kai. Wanda ya dawo daga gona, sannu da aiki. Uwar gida da ke gaban murhu, sannu da girki. Matasa masu zama a bakin titi da waya a hannu, ku matso kusa, yau maganar taku ce.

Sharhinmu na yau a kan sauti ne. Sautin da muke zubawa a memori, mu saurara a waya, mu tura wa 'yan'uwa. Tambaya ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe. Me ya sa sauti biyu masu tsawo ɗaya, an adana su ta hanya ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya nauyi?

Ga amsar a dunƙule, kafin mu warware ta. Matsin sauti iri biyu ne. Ɗaya ya ɗauki alkawarin girman buhu. Ɗaya ya ɗauki alkawarin amana. Mai riƙon amana ba ya yanke maka nauyi sai ya ga kayan. Ku riƙe wannan magana, za mu yi ta dawowa kanta.

Bari in fara da abin da na gani da idona.

Kwanakin baya na tsaya a rumfar wani matashi mai tura waƙoƙi, nan cikin Bici, a bakin titin Kano zuwa Katsina. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, wayoyi a jere suna caji, igiyoyi sun harɗe kamar yaɗon kabewa. Ina kan benci sai ga wani dattijo ya zo karɓar aikinsa, jikansa na biye da shi. Kaset biyu ya kawo tun makon da ya wuce, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ɗaya karatun mahaifinsa ne, Allah ya jiƙansa, yana ba da darasi a zaure bayan sallar asuba. Ɗaya kuma kiɗan bikin aurensa ne. Kowanne minti 30. Ya roƙi a juye masa su ba tare da an rage komai ba, matashin kuma ya yi hakan.

Sai jikan ya leƙa fuskar kwamfuta ya karanta nauyin kowanne. Na karatu bai wuce rabin na biki ba. Nan fuskar dattijo ta canza. Ya ce, "Yaro, karatun mahaifina ka rage?" Matashin ya miƙe tsaye. Ya ce, "Wallahi Baba ban taɓa komai ba. Yadda na yi wa wannan, haka na yi wa wancan." Dattijo ya ce, "To me ya sa na biki ya ninka shi?" Matashin ya yi shiru. Ya san bai ci amana ba, amma ba shi da bayanin da zai kare kansa.

Masu saurare, babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ya shiga tsakaninsu rashin bayani ne. Zato kuwa zunubi ne. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna yau mu bi maganar daki-daki.

Mu fara daga tushe. Yaya sauti yake shiga kwamfuta?

Sauti motsin iska ne. Makaɗi ya bugi fatar ganga, fata ta yi rawa, iska ta ɗauko rawar ta kawo kunnenka. Ita kwamfuta ba ta da kunne. Lissafi kaɗai ta sani. Sai ta riƙa auna wannan motsi tana rubuta lamba. Ta auna, ta rubuta. Ta auna, ta rubuta. A ma'aunin faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ana yin wannan awo sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ƙifta ido an cika littafi da lambobi. Kuma layi biyu ake yi, ɗaya na kunnen dama, ɗaya na kunnen hagu.

Idan aka zube lambobin nan yadda suke, babu matsi, shi ne fayil ɗin da ake kira WAV. Minti ɗaya yana cin kusan megabayit 10, abin da matasa ke ce wa MB. Kaset ɗin dattijo mai minti 30 ya haura MB 300 ke nan. Shi WAV ba ruwansa da abin da ke ciki. Shiru ne, nauyin ɗaya. Kiɗa ne, nauyin ɗaya. Kamar shatar mota ce. Ko ka cika ta, ko ka tafi kai kaɗai, kuɗin ba ya canzawa.

To mu mutanen wannan yanki mun san darajar wuri. Gona tana manne da gona. Kowace damina sai an noma ta, taki ne ke riƙe da ita. Ko gefen shinge ba a bari, sai an soka kuɓewa ko yakuwa. Haka memori yake a hannun talaka. Ƙarami ne, kuma data da tsada. Wannan ne ya sa masana suka nemi dabarar matse sauti.

Yanzu mu zo kan matsin nan guda biyu.

Na farko shi ne wanda kowa ya sani, MP3. Masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ne suka ja ragamar aikinsa, ya kuma mamaye duniya cikin shekarun 1990. Dabararsa ta tsaya a kan abu ɗaya. Kunnen ɗan Adam ba komai yake kamawa ba. Idan injin niƙa yana aiki, ba ka jin takun kazar da ke bayanka. Irin wannan sauti da ƙara ta danne shi ne MP3 yake tsincewa ya zubar.

Aikinsa aikin surfe ne. A zuba gero a turmi, a surfa, a sheƙe dusa, a kai niƙa. Gari ya yi kyau. Tuwo ya yi daɗi. Amma dusa ta tafi ke nan, kuma gari ba ya komawa tsaba.

A yadda aka fi amfani da MP3, kai ne kake faɗa masa girman buhu tun farko. Idan ka zaɓi lamba 128, kowane minti zai zo kusan MB ɗaya, ko karatu ne ko kiɗa. Kayan sun yi yawa? Sai ya ƙara zubarwa har su shiga. Wato a wurinsa nauyi ne a tsaye. Abin da ake zubarwa shi ke hawa da sauka.

Na biyu shi ne matsi marar asara. Wanda ya fi shahara a cikinsu ana kiransa FLAC. Wani masanin kwamfuta mai suna Josh Coalson ne ya fitar da shi a 2001, ya kuma bar shi kyauta ga kowa. Kamfanin Apple ma yana da irin nasa tun 2004. Alkawarin wannan matsi guda ɗaya ne. Abin da ka ba ni, shi zan mayar maka, ko lamba ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba. A wurinsa sauti ne a tsaye. Nauyi shi ke hawa da sauka.

Ku lura da wannan juyi, jama'a. Ɗaya ya kafe nauyi, ya taɓa sauti. Ɗaya ya kafe sauti, ya saki nauyi. Ba a haɗa alkawarin nan biyu a wuya ɗaya.

Na san akwai mai tambaya a ransa. Ta yaya za a rage abu ba tare da an zubar da komai ba? Amsar tana bakinmu kowace safiya.

Ku tuna gaisuwarmu. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya iyali? Lafiya ƙalau. Tun kafin maƙwabcinka ya buɗe baki ka san abin da zai ce. A ce an ba ka takarda ka rubuta gaisuwar mutum ɗari a ƙofar masallaci. Ba sai ka rubuta kowace kalma ba. Kowane mutum sai ka sa masa, kamar kullum. Kamar kullum. Kamar kullum. Sai ka zo kan wanda ya ce, yaro ya kwana da zazzaɓi. Nan dole ka tsaya ka rubuta dalla-dalla. Duk wanda ya san tsarin gaisuwar, idan ya ɗauki takardarka, zai dawo da zancen kowa kalma da kalma. Takarda ta yi gajarta, magana ba ta ɓace ba.

Wannan tunani yana da uba a fagen ilimi. Sunansa Claude Shannon, masanin lissafi ɗan Amurka. A 1948 ya nuna cewa ana iya auna labari, kuma ma'auninsa shi ne bazata. Wanda ya ce maka gobe rana za ta fito daga gabas bai ba ka labari ba. Wanda ya ce maka an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Bici a tsakiyar hunturu, wannan ya ba ka labari. Abin da ake iya kirdado ba ya cin wuri. Abin da ba a iya kirdado shi ke cin wuri.

Haka FLAC yake aiki. Yana yanka sauti gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a bisa al'ada ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Sai ya dubi lambobin da suka wuce, ya yi kirdadon mai zuwa. Misali ya ga 1000, ya ga 1002, ya ga 1004. Sai ya ce mai zuwa 1006 ce. Ashe 1007 ce. Ba zai rubuta doguwar lambar ba. Sai ya rubuta tazarar kawai, wato 1. Ranar da ka zo saurare, wayarka za ta yi kirdado iri ɗaya, ta ƙara wannan 1, ta samu 1007 cif. Babu ragi, babu ƙari.

Ita kuma tazarar, da wata dabara ake rubuta ta, mai ɗauke da sunan Robert Rice, injiniya a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Ƙaramar tazara, gajeriyar alama. Babbar tazara, doguwar alama. Akwai kuma wata hikimar. Idan abin da ke shiga kunnen dama kusan shi ne ke shiga na hagu, sai a rubuta shi sau ɗaya, a ƙara ɗan bambancin da ke tsakani.

To yanzu mun iso kan amsar tambayarmu. Ku ba ni kunnenku da kyau.

Ɗauki buhu biyu masu girma ɗaya. Ɗaya auduga, ɗaya gero. Ka hau kan na auduga ka danna, zai lotsa ya koma rabi. Ka kwance shi, auduga ta tashi yadda take, ko zare ɗaya bai ɓace ba. Ka hau kan na gero ka danna da ƙarfi iri ɗaya. Ɗan motsi kaɗan zai yi. Ƙarfinka bai canza ba. Kayan ne ba ɗaya ba. Wani sauti auduga ne, wani sauti gero ne.

Mu koma kaset ɗin dattijo, waɗanda matashin ya adana da matsi marar asara. Na farko, malam ne a zaure. Murya ɗaya ce, cikin natsuwa. Ya karanta, ya numfasa, ya fassara, ya dakata almajiri ya biya. Tsakanin jimla da jimla akwai shiru. Muryar ba ta tsalle. Kirdado yana dacewa, tazara ƙarama ce, fayil ya lotsa. Wannan auduga ce.

Na biyu, filin biki ne. Kalangu yana magana, 'yan amshi suna amsawa, mata suna guɗa, ana tafi, yara suna ihu, lasifika tana ƙara har ƙarshen ƙarfinta. Lambobin suna tsalle sama da ƙasa kamar fara a gona. Kirdado yana kuskurewa da nisa. Tazara babba ce, kuma amana ta ce sai an rubuta ta duka. Wannan gero ne.

Ashe matashin bai rage karatu ba. Karatun ne ya zo da sauƙin naɗewa.

Abin da ya fi komai ƙin matsuwa shi ne hayaniya. Ku tuna ruwan Agusta a kan rufin kwano. Wa zai iya cewa ga inda ɗigo na gaba zai faɗa, ga kuma ƙarfinsa? Babu. Haka hayaniyar kasuwar Badume idan ta cika ta batse. Haka kuma shuuu ɗin nan da tsohon kaset yake yi a ƙarƙashin magana. Kunnenka ya saba da shi har ya daina lura. Amma mai riƙon amana ba ya cewa wannan shara ce. An ba shi, sai ya ajiye. Shi ya sa za ka ga tsohon kaset mai shuuu ya fi wani sabon ɗauka mai tsabta nauyi.

Ƙarfin sauti ma yana da nasa rabo. Ku ɗauki kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Tsirkiya ɗaya, murya ɗaya. Ku ajiye shi kusa da waƙar sutudiyo ta zamani, wadda aka cika da kayan kiɗa aka ɗaga ƙararta don ta tashi a lasifikar biki. Idan an ɗauke su da tsabta iri ɗaya, galibi ta zamanin za ta fi nauyi. Babbar ƙara tana zuwa da manyan lambobi, manyan lambobi kuma suna neman faɗin wuri.

Matasa masu kallon fuskar kwamfuta, kun san lambar nan da ake rubuta wa kbps. Ita ce nauyin kowace daƙiƙa ta sauti. A faifan CD tana tsaye a 1411. A FLAC kuwa za ku ga tana rawa. Mawaƙi ya yi shiru, ta faɗi. Ganguna suka barke, ta tashi. A yawancin kiɗa, fayil yakan dawo tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na asalinsa. Kada wannan rawa ta tsorata ku. Kowace gunduwa ana biyan ta gwargwadon wahalarta ne.

Yanzu bari in amsa tambayoyi biyu da na san za su taso.

Ta farko. Wani zai ce, ai waƙoƙinmu cike suke da maimaici. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan yi doguwar waƙa 'yan amshi suna maimaita amshi ɗaya daga farko har ƙarshe. Me zai hana a rubuta amshin sau ɗaya a ce kamar kullum? Tambaya ce mai kyau. Amma a kunne ne amshin yake ɗaya. A lissafi ba ɗaya ba ne. Wannan karon wani ya ɗan riga shiga. Wancan karon makaɗi ya ɗan ƙara matse kalangu a hammata. Numfashi ya bambanta. Lambobin ba sa taɓa faɗawa daidai kan na baya. Ban da haka, FLAC ba ya waiwaye mai nisa. Abin da ke gab da ƙafarsa kawai yake dubawa. Wannan ɗan bambanci da kwamfuta ta kasa haɗewa kuwa, shi ne ran waƙar. Shi ne shaidar cewa mutane ne masu rai suka yi ta.

Ta biyu. Wani zai ce, to a jira mana, wata rana masana za su ƙirƙiro matsin da zai rage kowane sauti zuwa rabi ba tare da asara ba. Jama'a, wannan ba zai yiwu ba, kuma dalilin yana cikin gidajenmu. Da damina muna ɗaure dabbobi. A ce kowace tunkiya da turkenta ake gane ta. Tumaki goma, turke goma, babu rigima. Ka cire turke ɗaya, dole biyu su haɗu a wuri ɗaya. Idan aka ce kawo tunkiyar turken nan, wacce za ka kawo? Haka lissafin yake. Gajerun fayiloli ba su kai dogaye yawa ba. Idan aka ce kowane dogo sai ya gajarce, dole sauti biyu mabambanta su faɗa kan fayil ɗaya, kuma ba za a san wanda za a mayar ba. Amana ta karye ke nan. Saboda haka wani zai lotsa sosai, wani kaɗan, wani ya ƙi. Mai riƙon amana ba ya yanke maka nauyi sai ya ga kayan.

To me wannan bayani zai amfana mana? Nasiha uku nake da su.

Ta farko, a matsi marar asara nauyi ba shi ne inganci ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Fayil mai sauƙi da mai nauyi, kowanne ya dawo da abin da aka ba shi cif. Manhajar FLAC tana da matakai daga 0 zuwa 8. Na sama ya fi haƙurin naɗi, fayil ya ɗan ƙara raguwa, amma sautin ɗaya ne. Kuma akwai hatimi a cikin fayil ɗin, wata lamba da aka ciro daga sautin asali. Idan aka kwance, ana iya gwada ta. Ta dace, kaya sun cika. Masu rumfar turi, ku koyi wannan gwaji. Shi ne shaidarku a gaban mai kaya.

Ta biyu, kada a ruɗe ku da babban buhu. Wani zai ɗauki MP3 ya juya shi zuwa FLAC, fayil ya kumbura, ya ce inganci ya ƙaru. Bai ƙaru ba. Gari ne aka zuba a buhun iri. Abin da surfe ya cire ya riga ya tafi. Ku kuma san wannan bambanci. Tura fayil daga waya zuwa waya yadda yake ba ya rage shi. Abin da ke cinye shi shi ne a buɗe shi, a yanka, a sake matsewa da MP3, a kuma sakewa. Kowane zagaye sabon surfe ne. Saƙon murya na WhatsApp ma matsi ne mai zubarwa. Ya dace da gaisuwa da ciniki. Bai dace da ajiyar tarihi ba.

Ta uku ita ce ta fi damuna. Ba na zagin MP3. Da shi tafsiri ya shiga kowane ƙauye. Da shi manomi yake jin waƙa a gona da ƙaramar waya. A lasifikar waya, kunne da yawa ba za su rarrabe shi da na asali ba. Gida ba ya zama babu gari. Amma wane manomi ne yake niƙe hatsinsa duka? Tun a gona yake zaɓen zangarniya mai kyau. Ya ɗaure ta dabam, ya sa ta can ƙuryar rumbu. Ko yunwa ta matsa, iri ne ƙarshen abin da ake taɓawa.

Muna da iri a gidajenmu, jama'a. Yana cikin adaka, yana ƙarƙashin gado, yana cikin tsohuwar jaka a saman sif. Karatun malamanmu na zaure. Waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Hajiya Barmani Choge da aka ɗauka a wurin taro. Kiɗan noma na gayya. Waƙar niƙa da ta daɓe a bakin kakanninmu mata. Muryar mahaifi da ya yi saƙo a kaset daga Makka ko daga kudu. Zafi yana cin zaren kaset. Ƙura da laima suna cin sa. Rediyoyin da ke kunna shi suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. Wani kaset ɗin sau ɗaya ya rage masa ya juya. Idan a wannan juyi na ƙarshe aka ɗauke shi da matsi mai zubarwa, abin da aka zubar ya tafi har abada. Shi ya sa ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, take gargaɗin kada a yi ajiyar asali da matsi mai asara.

Saboda haka ga roƙona. A juye kaset sau ɗaya, da kyau, a WAV ko FLAC. Wannan shi ne iri. A ajiye shi wuri biyu, kada a dogara da memori ɗaya. Daga jikinsa sai a ciri MP3 a raba wa dangi. Ɗalibanmu na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Bici, musamman masu karatun kwamfuta da na Hausa, wannan aiki naku ne. Ku shiga ƙauyukanku. Ku zauna gaban tsofaffi. Ku rubuta sunan mai magana, da garin, da shekarar in an tuna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin in rufe, bari in ƙarasa muku labarin dattijo.

Na yi masa misalin auduga da gero, ya gyaɗa kai, amma na ga zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sai na ce wa matashin ya kwance fayilolin biyu su koma WAV. Ya kwance. Jikan ya sake leƙawa. Nauyinsu ya zo kai ɗaya. Gani ya kori ji. Daga nan matashin ya ce, "Baba, ga shi ka saurara." Ya sa masa abin ji a kunne. Dattijo ya zauna a bakin benci ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya ce, "Kun ji tarinsa. Kun ji ya juya takarda." Aka ɗan jima, sai ya ce, "Wannan zakaran da ya yi cara, na gidanmu ne." Ya share ido da bakin rawani. Ya dubi matashin ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka." Matashin ya durƙusa ya ce, "Amin Baba, ba ka yi mini komai ba."

Masu saurare, idan gobe kuka ga sauti biyu masu tsawo ɗaya da nauyi daban, kada ku yi saurin zargi. Ku tambaya, wanne ne auduga, wanne ne gero. Mai riƙon amana ba ya yanke nauyi sai ya ga kayan. Daren nan kuma, kafin ku kwanta, ku buɗe adakar nan. Ku fito da kaset ɗin da kuka daɗe ba ku taɓa ba. Ku kaɗe masa ƙura, ku sa shi a inuwa, ku nemi mai juye shi da amana tun yana juyawa.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana irinmu, na rumbu da na adaka.